Keke mai caji ko mai fetur: daga tambayar direba har aka kai ga yawan haihuwa da jari-hujja

Mai Keke, Rigasa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin masu sani. Shekara shida ke nan ina jan keke napep tsakanin Rigasa da Bakin Dogo zuwa Kasuwar Gumi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lissafina bai sake zama daidai ba. Litar da muke sha ƙasa da naira 200, kafin wata biyu ta haura 600, a ƙarshen 2024 har sama da 1,000 mun sha ta. Kullum sai na zuba lita bakwai ko takwas, ga baƙin mai, ga tikiti, abin da zan kai gida bai taka kara ya karya ba. In ka ƙara wa fasinja naira 50 sai ya ce gara ya taka da ƙafa, kuma ba laifinsa ba ne. Yanzu wani dila yana ta bi na in sayar da tawa in yi ciko in ɗauki mai caji, ina biya duk sati. Ni tsorona kar a sayar da kare a sayi biri. Don Allah wanda ya san abin nan ya faɗa mini gaskiya.

Rewaya, Panteka:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka ba kowa kwabo, tambaye shi abu ɗaya: wane irin batir ne a ciki? Akwai na dalma, irin wanda muke sa wa inbata, akwai na litiyom. Na dalma shi ne mai araha, amma in kana kwankwaɗe shi kullum yana sauka ƙasa, a zafin Maris da Afrilun Kaduna, da wuya ya rufa shekara biyu. Na litiyom ya fi jimiri nesa ba kusa ba, sai dai shi ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin keken. Ranar da ya mutu kamar sabon keke za ka saya. Ban da batir, gaskiya abin ba ya ba da wahala. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu kafireta, babu salansa. Mu ne ma za mu fi samun aiki, makanikan inji su rasa.

Injiniya, Mando:
Bari in ɗora a kan maganar Oga Rewaya da lissafi. Injin fetur, a cikin ƙarfin da ke cikin lita ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke kaiwa ga taya, saura duk zafi ne da hayaƙi. Motar lantarki kuwa tana amfani da sama da kashi 80 cikin 100. Ko mu ce kekenka zai sha yunit 15 na wuta a wuni, a kuɗin wuta na rukunin A mai tsada, wanda ya kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage shi, kuɗin bai kai 3,500 ba. Lita bakwai a 900 kuwa 6,300 ne. A takarda ka ci riba.

Amma ina wutar? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000. Kowa a nan ya tuna Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta kwashe fiye da mako a duhu, layin Shiroro zuwa Kaduna a lalace, ɗayan da ke kawo mana wuta ta Binuwai shi ma ya faɗi. Da a ce kekenka mai caji ne a lokacin, da ka zauna a gida iyali na kallonka. In kuma da janareta za ka yi caji, fetur ɗin da ka guda shi ka koma wa, ka ƙara da asarar da ake yi a hanya.

Mai Keke, Rigasa:
Injiniya ai a layinmu in aka kawo wuta awa huɗu a rana sai mu ce alhamdulillahi. Wani lokacin ma da tsakar rana ake kawowa, lokacin ina kan titi.

Alhaji Dila, Ahmadu Bello Way:
Ni motoci nake sayarwa shekara ashirin, kuma ba ni ne dilan da ke bin sa ba, kar a ce ina kare kasuwata. Mai sayen mota a Kaduna ba sabuwa yake nema ba. Corolla ko Golf 'yar Kwatano da ta yi shekara goma sha biyar a Turai, ita ce motar ma'aikaci, kuma ita ma tun da aka saki naira a 2023 ta gagari mutane. Mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Mota mai lantarki mai araha a Chaina, irin ƙaramar BYD ɗin nan, kuɗinta wajen dala 10,000 ne a can, kafin jirgi da kwastan. Ku lissafa da kanku shekara nawa mai 70,000 zai yi bai ci ba bai sha ba. Kuma tsohuwar mota mai fetur kana iya jin ƙarar injinta ka san lafiyarta. Tsohuwa mai batir fa? Ka saya tana sheƙi, wata uku ta kasa kai ka Zariya ta dawo da kai.

Ɗan Jami'a, Samaru:
Iyayena da yayyena ku yi haƙuri, ni gani nake ganye kawai muke tsinka an bar saiwa. Ko duk motocin Najeriya sun koma lantarki ba za mu tsira ba muddin muna ƙaruwa haka. Ƙidayar 1963 ta ba mu miliyan 55, ta 2006 ta ba mu miliyan 140, yau mun haura 200. Jihar Kaduna kaɗai ta wuce miliyan 6 tun 2006. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar sama da shida. Kowane yaro zai buƙaci abinci, gida, itacen girki, abin hawa. Daji ya ƙare, gona ta ƙare. Yawanmu ne matsalar muhalli, sauran duk rassa ne.

Malama, Unguwan Rimi:
Ƙanena, alƙalumanka daidai ne, amma inda ka kai su ne ban yarda ba. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Darasin ƙasa nake koyarwa a sakandare, kuma duk shekara sai na rubuta wa ɗalibaina wannan a allo: Afirka tana da kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen duniya, amma hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama yanayi bai wuce kashi 4 ba. Ɗan Najeriya a shekara bai cika tan ɗaya ba. Ba'amurke yana fitar da wajen tan 14. Ke nan gidan da ke da yara goma a Rigasa, da uwa da uba, duk hayaƙinsu bai kai na mutum ɗaya a Amurka ba. Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta fitar da rahoto a 2023 cewa kashi 1 cikin 100 na masu kuɗin duniya sun fitar da hayaƙi daidai da na kashi biyu cikin uku na talakawanta, wato mutum biliyan 5.

Abin da ke ɓata mini rai da wannan magana ta yawan haihuwa shi ne, daga can ake ƙago ta a turo mana, mu kuma mu karɓa mu riƙa ganin laifin iyayenmu mata. Matar da ke hura gawayi a Tudun Wada ba ita ta narkar da ƙanƙarar duniya ba. Ita ce dai ke fara shan wahala in ruwa ya yi gyara ko Kogin Kaduna ya cika ya shiga gidaje.

Ɗan Jami'a, Samaru:
Anti na karɓi maganar hayaƙin duniya. To dajin da ke hanyar Birnin Gwari da na hanyar Kachia fa? Ba Bature ne ke sare shi yana ƙona gawayi ba.

Baba, Kakuri:
Yaro ya yi tambaya mai kyau, ku bar ni in amsa da abin da idona ya gani. Na zo Kaduna ina saurayi, na yi aiki a masaƙa har ta rufe. A zamaninmu Kakuri ba ta barci. Masaƙar KTL tana nan tun 1957, ga ta Arewa, ga ta UNTL, ga kamfanin Peugeot da ya fara haɗa 504 a 1975, ga matatar mai da aka buɗe a 1980. Da asuba in aka tashi canjin aiki, kekuna masu ƙafa biyu ne ke cika titi kamar fari, da motocin kamfani masu kwasar ma'aikata. Mutum dubbai suna zuwa aiki, amma masu motar kansu ba su da yawa. Rigasar da kake ciki ɗana, gonaki ne. Millennium City daji ne. Saboda haka ba na musun cewa mun yawaita, kuma ƙasa tana jin nauyinmu.

Amma zancen gawayi, ka tambayi dalili. A da kananzir muke girki da shi, ana tace shi a nan garin. Matatar man ta tsaya, kananzir ya zama na masu hali. Aka ce a koma gas, matanmu suka koma, gas ya yi tashin gwauron zabi, suka jingine tukunya suka koma kurfoti. Ƙasar da ke ƙona iskar gas a banza a Neja Delta dare da rana, ita ce 'ya'yanta ke sare daji don su dafa tuwo. Wannan ba haihuwa ta jawo ba. Kuma buhunan gawayin da ake lodawa a tirela, ba duka ne ke tsayawa a murhun talaka ba, har waje ake fita da shi.

Wani abu kuma, kada mu yi wa jiya ado. Masaƙun nan da nake kewa, ruwan rininsu a rafi ake sakinsa ya gangara kogi, wata rana ja wata rana shuɗi. Muna gani muna shiru saboda albashi. Mai jari haka yake, ko na jiya ko na yau, ribar tasa ce, dattin na kowa.

Nas, Sabon Tasha:
Baba ya gama magana. Ni dai zan ƙara kaɗan don kar a ɗauka zancen tazarar haihuwa ba shi da amfani. Yana da shi, amma ba don a ceci ƙanƙarar Turai ba. A ɗakin haihuwa nake aiki. Matar da ke goyo tana da ciki, jini bai dawo jikinta ba, ita muke fargaba a kanta. A ba mace hutu tsakanin haihuwa, a bar yarinya ta gama makaranta, a rage mutuwar jarirai, iyali da kansu suke daidaita abinsu, ba sai an tsawata musu ba. Malaman addini na ɓangarorin biyu da yawa suna goyon bayan hutun nan. Kuma Malam mai keke, abu ɗaya da ba a faɗa maka ba: hayaƙin da kake shaƙa a cunkoson Kawo da bakin kasuwa daga safe zuwa dare yana taruwa a ƙirjinka. Direbobi da masu talla a titi muna ganinsu da tari da ciwon ido. Ta wannan fuskar mai caji ya fi maka, ko ba a zo zancen kuɗi ba.

Alhaji Dila, Ahmadu Bello Way:
Na ga kowa ya juyo kan masu jari. Ku yi mana adalci. Wa ya kawo wayar da muke wannan muhawara da ita? Lokacin da waya ke hannun gwamnati ita kaɗai, gida nawa ke da tarho a Kaduna? Farantin sola da batirin litiyom, kuɗinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa yau, kuma gasar kasuwa ce ta faɗo da shi. Shi ya sa yau mai shagon caji da mai aski suke iya ɗora sola. Matatar da Baba yake magana a kai ai ba ɗan kasuwa ne ya kashe ta ba. Neman halal ba laifi ba ne.

Malama, Unguwan Rimi:
Alhaji, babu wanda ya ce kasuwanci haramun ne, kakanninmu fatake ne. Abin da muke kuka da shi tsarin da ba ya sa ɓarna a cikin lissafi. A 2016 wata ƙungiya a Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa fetur da man dizal mai datti musamman don Afirka ta Yamma, mai sinadarin salfa ninki ɗaruruwa a kan abin da doka ta yarda a sayar a Turai. Sun san illarsa, amma tun da dokarmu ta ƙyale, suka kawo. A Ogoni, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar da mai ya lalata zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ken Saro-Wiwa, marubuci ɗan Ogoni, a kan wannan kukan aka rataye shi a 1995.

Motar lantarki ma ba ta kuɓuta ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya, ma'adinin da ake sa wa batir, daga Kwango ake haƙo shi, kuma an sha nuna yara a cikin ramukan. Yanzu litiyom ya shigo gidanmu. A Nasarawa an buɗe masana'antar tace shi a 2024, kuma kowa ya ji labarin ramukan da babu lasisi, da yaran da suka bar makaranta suna tsintar dutse. A kwashe a kai Chaina, a dawo mana da shi batir da tsadar da ba za mu iya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sauƙin solar da ka ambata kuma, gwamnatocin Jamus da Chaina sun zuba tallafi shekara da shekaru kafin kasuwa ta iya tsayawa da ƙafarta.

Injiniya, Mando:
Gyara kaɗan Malama: batiran da ake sa wa ƙananan motoci da kekuna yanzu da yawa na litiyom da ƙarfe ne, babu kobal a cikinsu. Kuma ko an haɗa da hayaƙin ƙera batir, mai lantarki tana biyan bashinta bayan 'yan shekaru a kan titi, musamman a wurinmu da wutar daga gas take da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, ba kwal ba. Sauran maganarki ban da ja.

Ni abin da nake so mu kalla shi ne waɗanda suka yi nasara, me suka fara yi? Norway, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin 2024 masu lantarki ne, wutarsu daga ruwa take kuma ba ta ɗaukewa, sannan suna sayar wa duniya mai su tara kuɗin. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu fetur a 2024, amma tana da madatsar da ke iya ba da sama da megawat 5,000, kusan abin da ƙasarmu duka ke rabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rewaya, Panteka:
Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, tun da an zo zancen datti. Ku zo ku ga yadda ake yi da mataccen batir. Yaro ɗan gwangwan zai sa gatari ya fasa, ya zubar da ruwan a kwata, ya ciro dalmar da hannu, a narkar a fili. Da hannun zai ci abinci. Ba mu manta Zamfara ba, a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. In aka cika Kaduna da kekuna masu batirin dalma, kowane da huɗu ko biyar a ciki, ana canzawa duk bayan shekara ɗaya da rabi, ina za su tafi? Na litiyom kuma in aka huda shi wuta yake kamawa, wadda bokitin ruwa ba ya kashewa. Duk wanda zai shigo da su a tilasta masa karɓar tsohon. Yarana na shago na hana su fasa batir, ko nawa za a ba su.

Baba, Kakuri:
Allah ya yi maka albarka da wannan hani. Ni kuma ina mamakin yadda kowa ke mafarkin motar kansa. In kowane magidanci a garin nan ya sami mota, ko da iska take tafiya, ta ina za mu wuce a gadar Kawo? Bas ɗaya yana ɗaukar abin da keke goma sha biyar za su ɗauka. Motocin bas masu aiki da iskar gas da gwamnatin jiha ta fito da su a 2025, ku dubi yadda mutane ke layi a kansu. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja tun 2016 ya nuna mutane ba mota suke so ba, isa suke so lafiya. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ƙananan bas masu caji yake haɗawa, na haya, ba na alfarma ba. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ne ya zana Chevrolet Volt a Amurka. Kai muna da shi, garin nan ya haɗa mota shekara hamsin da suka wuce.

Mai Keke, Rigasa:
Baba in bas ya yawaita mu kuma ina za mu sa kanmu?

Baba, Kakuri:
Bas ba ya shiga lungu ɗana. Shi babban titi, ku cikin unguwa, ku kawo masa ya kawo muku. Gajeriyar tafiya kuma ita ce ta dace da mai caji.

Ɗan Jami'a, Samaru:
Na sauko daga cewa yawanmu ne tushen komai, Anti da Baba sun gamsar da ni a kan hayaƙi. Amma ina nan a kan cewa gari yana faɗaɗa babu tsari, ana yanka filaye har bakin kogi, kuma makarantu da ruwan sha ba sa bin yawan yaran da ake haifa. Wannan namu ne, ba za mu ɗora wa Amurka ba.

Malama, Unguwan Rimi:
A nan muna tare ɗari bisa ɗari. Ajina yara tamanin da wani abu ne.

Injiniya, Mando:
Malam mai keke, ga shawarata a taƙaice. Kai kaɗai da wutar layinku, kar ka shiga. Hanya biyu ce ke aiki. Ko kamfanin da ke da wurin musanyar batir, ka ajiye wanda ya sauka ka ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna, batirin nasu ne ba naka ba, in ya mutu asararsu ce. Ko ku haɗu ku goma ko ashirin a tasharku, ku yi adashi ku kafa rumfar sola da batiran canji, rana ta yi muku caji kuna kan aiki. Rana dai ba mu rasa ta ba. Ka kuma tambayi kuɗin mayar da kekenka na yanzu zuwa gas, ka gwada lissafin, amma a wurin da aka amince da su kawai, kar ka yarda da tukunyar da aka yi wa walda a bakin titi, kuma ka duba nisan gidan gas ɗin da layin da ake yi.

Mai Keke, Rigasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Ba zan sayar da tawa yanzu ba. Ranar Juma'a bayan masallaci muna da zaman 'yan tasha, zan kawo maganar rumfar sola, akwai mutum shida da na san za su saurara. Dilan kuma zan ce ya ba ni keken in yi wuni ɗaya da shi da fasinja, in ga ko zai kai la'asar. Oga Rewaya, in ya yarda zan biyo da shi Panteka ka buɗe mini ƙarƙashin kujera.

Rewaya, Panteka:
Kawo shi, ba sai ka biya ba. Ka zo da takardar garantin batirin, a rubuce da hatimi, ba ta baki ba, mu ga shekara nawa suka ɗauka da kuma wanda zai karɓi tsohon in ya mutu. Ka iso kafin azahar, bayan nan shago cika yake.